Mota Mai Gado Zuwa Maraɗi

Panyu, Guangzhou
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya Shitu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rekiya da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Baban Radiyya yana gaishe ka, ita kuma Radiyya ta ce a gaya wa kakarta yanzu ta iya cin shinkafa da tsinke.

Na zaɓi in rubuto ne saboda na san halinka. Saƙon murya in ya ɗan yi tsawo ba ka kai shi ƙarshe, sai ka turo mini madalla alhali ba ka ji komai ba. Wannan kuwa magana ce da nake so ka karanta a zaune.

Yaya, na samo wa Hajiya hanyar zuwa Maraɗi. Ka san abin da ke cin ranta. Tun rasuwar Baba ba ta sa yayarta Inna Fasuma da ke can a ido ba, ga shi su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna Fasuma ido ya tafi, ƙafa ta tafi, ko zaure ba ta fita. Hajiya kuma baya ya hana ta zama, kai da kanka ka juyo da ita daga Bichi wancan karon tana kuka a kujerar baya. Motar asibiti kuwa ta rantse ba za ta shiga gidan yayarta a cikinta ba muddin tana numfashi. A waya ma ba sa jin juna, wannan ta ɗaga murya waccan ta ɗaga, a ƙare kowa na share hawaye. Ni abin ya tsaya mini a rai, da shi nake kwana da shi nake tashi.

To yau, maimakon in tafi Xintang in duba wandunan jins ɗin da na ba da ɗinki, sai na leƙa baje kolin motocin yawon shaƙatawa da ake yi a nan. Mutanen nan in suka tara abin duniya sai su sayi mota mai ɗaki a ciki, su tafi bakin ruwa su kwana kamar marasa gida. Da dariya na shiga, amma ban fito da ita ba. Akwai wata farar mota, girmanta bai wuce na bas ɗin haya ba, a cikinta gado ne sosai, ba kujerar da ake kwantarwa ba. Ga banɗaki dab da gadon, ga famfo mai ruwan ɗumi na alwala, ga na'urar sanyaya ɗaki. Na tuɓe takalmi na hau na miƙe, 'yan China suna ta ɗaukata hoto, ni ko a jikina. Katifar mai tauri ce, irin wadda likita ya ce a nema mata. Sitiyarin ma a hagu yake kamar namu.

Na san abin da za ka ce, wai kayan baje koli tarko ne, mai hankali masana'anta yake zuwa. A kan wando da takalmi kana da gaskiya, a kan wannan ba ka da ita. Na tambaya, in ka ba masana'anta oda sai an yi watanni kafin a ƙera maka, mu kuwa lokacin ne ba mu da shi. Wannan da aka kawo don nuni a shirye take, makulli kawai za a murɗa a kai ta tashar jiragen ruwa ta Nansha. Rangwamen da suka liƙa da jar takarda ranar farko kuwa na 'yan kallo ne, ban ko dube shi ba. Farashin gaskiya sai ranar rufewa, lokacin da kamfani ya tuna cewa in ba ta sayu ba sai ya biya kuɗin jan ta zuwa garinsu can arewacin ƙasar. A lokacin ne suke sauka da kansu, ba ka ma wahalar da bakinka. Haka na sayi kekunan ɗinkin da ka yi ta yabo.

Saboda haka ban taya ba. Matar da ke tsaron rumfar, Madam Liang, sai bina take tana kirana laoban, wato uwar ɗaki, tana miƙo mini shayi. Na yamutsa fuska, na ce tagar ta yi ƙanƙanta, fentin ma bai yi mini ba, na karɓi katinta na fito. Jibi Lahadi ake rufewa, da yardar Allah ranar motar za ta zama tamu. Kada ka gaya wa Hajiya tukuna, ina so sai makulli ya shigo hannuna.

A gaida kowa da kowa. A shafa mini kan autarka.

Ƙanwarka,
Yalwa


Panyu, Guangzhou
Ranar Asabar

Yaya Shitu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan kun wuni lafiya, Hajiya kuma ta samu ta ci wani abu. Na kashe maka waya ɗazu raina a ɓace, ka yi haƙuri. Bari in faɗa maka a rubuce, inda ba za ka katse ni ba.

Kamar yadda na fara gaya maka, da na koma rumfar yau don in ƙara nuna wa Madam Liang cewa motar ba ta dame ni ba, sai na tarar da wani dattijo zaune a ciki, ya naɗe ƙafa a kan kujerar da ke gefen gadon. Alhaji Souleymane sunansa, ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, yana zuwa sarin fitilu da injinan ban ruwa. Mun san shi sama-sama, Baban Radiyya yana haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Na gaishe shi, ya amsa, sai na ga na'urar lissafi a tsakaninsa da Madam Liang, wannan ya danna ya tura, waccan ta goge ta danna ta turo. Ya riga ya taya, Yaya. Ciniki ya buɗe, kuma ba nawa ba ne.

Matar nan ba ta da wasa. Tana ganina ta ja ni bayan rumfa, ta nuna mini abin da ya taya, ta ce in ɗora ko ɗan kaɗan ne a kai, yanzun nan ta karɓi kafin alƙalami ta liƙa wa motar takardar an sayar. Na tambaye ta ko akwai wata irinta, ta ce meyo, babu, ita kaɗai suka kawo. Na ce mata to sai wancan ya gama. Ta dube ni kamar mai taɓin hankali. Ta kira mai fassara, shi ma ya yi ta bayani, wai a baje koli wanda ya fi biya shi ke ɗauka. Na ce na ji, amma mu ba ma shiga cinikin wani.

A nan ne kai ma ka bi bayanta, wai nan China ce ba Kantin Kwari ba. Haba Yaya, da bakinka. Kai da ka girma a gindin Baba kana ganin yadda yake goye hannu a baya ya koma gefe in ya tarar ana ciniki, ko da kayan shi ya kwana yana nema, ba zai ce uffan ba sai ya ji mai tayi ya ce ya fasa. Addini ma ya hana, ka fi ni sani. Da ɗan China ne ke tayin, wataƙila in ce kowa da al'adarsa. Amma mutumin da muke amsa sallamar juna, wanda zai koma garin su Hajiya ya ce 'yar gidan wane ta shige masa ciniki a ƙasar mutane? Ba zan kwantar da uwata a gadon da na fizge daga hannun wani ba.

Ɗaya shawarar taka ma ban karɓa ba, wai in je in gaya masa halin da Hajiya ke ciki don ya janye. Wannan roƙo ne, ni kuwa tun da na fara kasuwanci ban taɓa sayen kaya da hawaye ba. Ciwon uwata ba abin talla ba ne.

Kuma ka kwantar da hankalinka, ba za a kai ga haka ba. Na ga tayinsa, ya yi ƙasa ƙwarai, ko ranar rufewa ba mai sallama masa a haka. Na karance shi tsaf. Irin mutanen nan ne da ke taya abu don su ji farashi, su je majalisa su ba da labari. Ko katifar bai taɓa ba, ƙarƙashin motar yake ta leƙe. Gobe zai gaji ya kaɗe riga ya ce ya fasa, ni kuma ina tsaye a gefe. Sai ma ya rage mini aiki, don ya riga ya sauko mini da ita ƙasa.

Ka yi mana addu'a, ka daina yi mini faɗa. Ka gaida Anti Rekiya da jinya.

Taka,
Yalwa


Panyu, Guangzhou
Ranar Litinin

Yayana Shitu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne. Na ga kiranka jiya har ban san iyaka ba, ban ɗauka ba ne don ba na so ka ji muryata a yadda take.

Motar ta sayu, kuma ba ni na saya ba.

Jiya tun da hantsi muka je ni da Baban Radiyya, muka samu wuri nesa kaɗan muka zauna. Alhaji Souleymane ya zo, bai ƙara ko sisi a kan tayinsa ba, bai kuma ce ya fasa ba. Ya fita ya zaga ya dawo, ya sake fita. Duk fitar da zai yi sai Madam Liang ta rugo wurina ta ce ai ya tafi, in zo mu gama. Ni kuwa na san fitar ciniki in na gan ta, don ni ma ita nake yi. Mutumin da ya bar carbinsa a kan tebur bai tafi ba. Na ce mata sai na ji daga bakinsa.

Da la'asar ma'aikata suka fara naɗe kafet, ana kwance fitilu, maƙwabtan rumfa suna fitar da nasu motocin. Na ga Madam Liang ta kira ubangidanta a waya, ta daɗe tana magana tana dubana. Ta zo karo na ƙarshe, wallahi har hannuna ta riƙe. Yaya, ba zan ɓoye maka ba, a lokacin bakina ya buɗe. Kalma ɗaya ce tsakanina da makullin. Na tuna Hajiya a kujerar bayan motarka, na ji kamar in ce Allah ya yafe mini in ɗora. Ban ɗora ba. Ta sake ni, ta tafi ta sallama masa a kan wancan tayin nasa da na rantse ba mai karɓa.

Ka ga dai lissafina bai kuskure ba, ranar rufewa farashi ya faɗi warwas, har ya wuce inda na zata. Arhar da ban taɓa gani ba ke nan, sai dai a hannun wani ta faɗa. Wayon ƙin tayawa ranar farko shi ya ci ni, kuma mutumin da na ce na karance ashe ko bangonsa ban buɗe ba. Leƙen ƙarƙashin motar da yake yi, ashe masu haƙar rijiyoyin burtsatse a daji zai riƙa ba haya, yana duba ko za ta jure hanya.

Baban Radiyya ya ce mu tafi gida, na ce sai mun yi masa Allah ya sanya alheri, kada ya ga kamar mun yi baƙin ciki. Muka je. Ya amsa, sannan ya ce tun ranar Asabar matar nan take gaya masa wai madam ɗin Najeriya ta taya sama da shi, in bai ƙara ba zai rasa. Ya ce ya dube ni zaune a can na harɗe hannu, ya san ƙarya take, shi ya sa bai motsa ba. Wato zamana a gefe shi ya saya masa motar da arha. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ina tsaye a nan sai na ga ciniki ya ƙare, ba sauran abin da zan ɓata wa kowa, abin da ya rage girman kaina ne kawai. Na auna shi da bayan Hajiya, na ga bai kai ba. Na buɗe baki na gaya masa komai, Bichi da motar asibiti da Inna Fasuma da wayar da ba sa jin juna. Na roƙe shi, Yaya, roƙo sosai, ni Yalwa. Na ce ya sayar mini ya ɗora ribar da yake so.

Ya ƙi. Ya ce ya riga ya yi wa mutanensa alkawari, ba zai tashe shi ba. Amma ya tambayi unguwar su Inna Fasuma, na faɗa, ya ja gemu. Sai ya ce ai ita ma motar Maraɗi za ta je, kuma ba ta san hanya ba sai an kai ta. Da ta Lome ya yi niyyar bi da ita. In Baban Radiyya zai tsaya masa a kan takardun tashar Legas, tunda aikinsa ne, to sai ta sauka can, ta hau ta Kano, ta ɗauki tsohuwa a ƙofar gida, ta bi Katsina da Jibiya. Sharaɗinsa ɗaya, direbansa ne zai tuƙa, don ya ce ya ga tuƙin Kanawa. Na haɗiye wannan ma, na ce mun gode.

Yanzu kana iya gaya wa Hajiya. Ka zauna kusa da ita ka faɗa mata a hankali, ka nuna mata hoton gadon. Ka kuma tambaye ta kwana nawa take so ta yi, don Alhaji ya ce a sanar da shi da wuri ya san yadda zai tsara dawo da ita kafin ya miƙa motar ga masu haya.

Ina jiran amsarka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Yalwa


Panyu, Guangzhou
Ranar Alhamis

Yaya Shitu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Rekiya, ina yi muku sannu da ɗawainiya. Mu nan ƙalau. An kai motar Nansha, Baban Radiyya ya ga shigarta jirgi da idonsa.

Na ji saƙonka, na kuma kira Hajiya da kaina don ban yarda ba. Abin da ta gaya maka shi ta maimaita mini, muryarta garau, rabon da in ji ta haka har na manta. Ta ce a yi wa Alhaji godiya, amma kada a wahalar da shi da zancen dawowa. Ta ce a Maraɗi aka yanke mata cibiya, a can iyayenta suke kwance, aure ne ya kawo ta Kano kuma mai auren ya tafi. Ta raine mu, ta ga 'ya'yanmu, yanzu ɗakin yayarta take so, su ƙarasa abin da ya rage tare. Ta ce tun ranar Bichi ma ba ziyara ta fita ba, ba ta dai gaya mana ba ne don ta san ba za mu kai ta ba.

Na yi mata faɗa, Allah ya yafe mini. Na ce likitanta fa, maganinta fa, mu fa? Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni ko tagar motar tana buɗuwa, don tana so ta ga gonakin gero in an wuce Jibiya. Na ajiye wayar na yi kuka mai isata. Duk wannan fafutukar da na yi, ashe hanyar rabuwa da ita nake sharewa. Raina ya ɓaci, har yanzu ma bai gama hucewa ba.

Amma na yi tunani, kuma na yanke. Kada ka hana ta, kada ka sa malamai ko dangi su yi mata magana. Na san kai ka yi jinyarta, kai za ka fi kowa jin ɗakin nan in ya zama wayam. Duk da haka matar da ta haife mu ta roƙi abu ɗaya, kuma da hankalinta ta roƙa. Magani za mu riƙa aikawa, 'ya'yan Inna Fasuma na yi magana da su, sun ce har sun fara share ɗaki. Maraɗi ba bayan duniya ba ce, mu da ke da baya mai lafiya sai mu riƙa zuwa.

Na bar wa Baban Radiyya sauran aikin Xintang, zan sayi tikiti in iso kafin jirgin ya kai Legas. Ni zan zauna a kujerar gefen gadon in riƙe mata hannu har ƙofar gidan. Kai kuma ka nemi hutu a wurin aiki tun yanzu, ka biyo mu a motarka, kada ka ce mini ba dama. Tafiyar zan iya, ina da ƙarfinta. Dawowar ce ba zan iya ni kaɗai ba.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata tagar tana buɗuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka har kullum,
Yalwa